Dalilin da ya sa karfasa ke tasowa sama da asuba

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa karfasa ke tasowa saman ruwa da asuba tana buɗe baki, har kana zaton yunwa ce. Ba yunwa ba ce, numfashi take nema, kuma idan ka kuskura ka watsa mata abinci a wannan lokaci, to da hannunka ka ƙarasa ta.

Koren da kake gani a tafki gansakuka ce, wato ƙananan tsirrai masu yawo a cikin ruwa. Da rana tana amfani da haske tana sakin iskar oksijin, amma da dare sai ta daina, ta koma tana shaƙar iskar nan tare da kifin, tare da ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ragowar abinci da kashin kifi a cikin laka. Shi ya sa iskar ta fi ƙaranci gab da fitowar rana. Ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, saboda haka bazara ce lokacin da na fi tsoro.

Da dukiyata na sayi wannan karatu. Wata shekara, cikin watan Afrilu, ina da tafkin ƙasa cike da karfasa wadda ta isa kamu, sai wani dillali da na daɗe ina hulɗa da shi ya zo ya roƙe ni in jinkirta mako 3, in ninka abinci domin kifin ya ƙara nauyi. Ya rantse zai kwashe duka da farashi mai tsoka, amma ko kafin alƙalami bai ajiye ba, ni kuwa na yarda saboda ganin furfurarsa. Ruwa ya yi kore shar, ya yi kauri, har idan na tsoma hannu tafina yakan ɓace tun ruwan bai kai gwiwar hannu ba. Sai hadari ya rufe rana kwana 2 a jere, gansakuka ta kasa aikinta, a dare na biyu kuma ruwan farko ya sauko da iska mai ƙarfi, ya sanyaya saman tafkin, ya juyo ruwan ƙasa mai wari wanda babu numfashi a cikinsa.

Bayan sallar asuba na haska tocila, na ga kifi ya juya ciki sama, fari fat daga wannan gaɓa zuwa waccan. 'Yan tarwaɗar da ke ciki ne kawai ke walwala, domin ita tana iya shaƙar iska daga sama. Da hantsi mutumin nan ya zo, ya toshe hanci da bakin rigarsa, ya ce shi bai taɓa cewa in ƙara abinci ba, sannan ya taya ragowar da rabin kuɗi. Na ƙi sayar masa. Muka yi bandar abin da bai lalace ba, sauran muka binne, bashin abincin kuwa sai da na yi damina 2 ina biya. Har yau idan na tuna yadda ya toshe hancin nan raina yakan ɓaci.

Ba zan tsaya koya maka shanya tafki da zuba farar ƙasa ba, wannan kowa ya sani. Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne sai rana ta take kuke zuwa gona, waya a hannu, lokacin da ruwa ya riga ya farfaɗo ya ɓoye laifinsa. Da asuba ake duba tafki. Idan ka ga karfasa tana haki, ka dakatar da abinci, ka rage ruwa ta ƙasa, ka tayar da inji ya zubo sabo daga sama yana fantsama. Tafki na uku ya fara kauri, saboda haka kada ka ba shi abincin yamma, kuma gobe in same ka a bakinsa kafin gari ya waye.