Kafin ka ɗaure kujerar yaro, duba bel ɗin

Kai Musa, wai me ya sa kujerar yaron Hajiya take rawa a mota bayan ka zura bel ka maƙala shi? Don ba ka kulle bel ɗin ba, zura shi kawai ka yi. Ja shi gaba ɗaya har ya ƙare, ka sake shi a hankali. In ka ji ƙat-ƙat-ƙat yana komawa kuma ya ƙi fitowa, ya kama. Motocin Amurka daga 1996 zuwa yau ana iya kulle bel ɗinsu. Na Turai da muke kira Beljiyam da yawa ba sa yi, sai ka nemi maɗaurin da ke jikin kujerar. Ɗora gwiwarka ka danne kujerar, ka tsuke bel ɗin. Kama ta daidai inda bel ya ratsa ka girgiza. In ta motsa fiye da inci 1, kwance ka sake.

Amma ni tambayarka wani Alhaji ta tuna min. Ya shigo garejin nan na Farin Gada a Jos da Camry mai sheƙi, kujerar jaririnsa sabuwa fil a kwali, zai sauka Abuja da iyali. Na ja bel ɗin baya, ya taho laƙwas, ya ƙi komawa. Na buɗe murfin, sai ga ɗinkin tela da baƙin zare a inda bel ya taɓa tsagewa. Motar haɗari ce aka shafa wa fenti. Na ce, ranka ya daɗe, wallahi ba zan ɗora ɗan mutum a kan wannan ya gangara Hawan Kibo ba. Ya ce in nemo masa na asali, ko nawa ne zai biya. Da kuɗin cefanen gidana na aika kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas aka kawo, na wuni a durƙushe ina ɗaurawa, na kafa kujerar daram. Ya ce bari ya zaga ya gwada, ya biya ta banki. Har yau yana zagayen. Lambarsa ma ta daina shiga. Ran nan uwargida ba ta ɗora tukunya ba, shi kuwa ɗansa yana kan bel ɗina. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ku yaran yanzu, bidiyon minti ɗaya a TikTok, sai ku ɗauka kun zama oga. Zura bel ta hanyarsa, wannan ko almajirin jiya ya sani, ba zan ɓata bakina ba. Abin da ba na so in sake gani shi ne kujerar jariri mai kallon baya a gaban mota, inda jakar iska za ta fashe ta doke ta. Baya za ta. Kuma wanda ya kwaso ta gwanjo daga kasuwar Katako, juya ƙasanta ka duba ranar da aka ƙera ta, ka ga ko ta tsufa. In ka ga tsagewa, ce masa oga ya hana.

Ajiye wayar nan, je ka buɗe motar Hajiya, ina zuwa in girgiza da hannuna.