Gado a Jidda, Wasu Magada a Kano

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu a Jidda, da iƙama (takardar izinin zama a Saudiyya) yake zaune. Ya bar mata biyu, ɗaya a nan, ɗaya a Kano, da 'ya'ya biyar, maza biyu mata uku, autarmu kuma ba ta kai shekara 18 ba. Akwai kuɗi a banki, da mota, da haƙƙinsa a kamfani. Yayanmu ne ke riƙe da katin banki da wakalar Baba (takardar da Baba ya wakilta shi da ita), ya ce a cire kuɗin a raba a gida. Yaya za mu yi?
Daga wata mai karatu, Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. 'Yar'uwa, ki lallashi Yaya ya ajiye katin nan. Wakala tana faɗuwa ne da rasuwar wanda ya ba da ita, don haka duk riyal ɗin da aka cira bayan haka, kowane magaji na iya kai ƙara a kansa.

Da takardar shaidar rasuwa za ku fara, sannan ku nemi Sakku Hasril Warasa, wato takardar da ke ƙididdige magada, ta manhajar Najiz ta Ma'aikatar Shari'a. Ana buƙatar shaidu biyu da suka san iyalin. Ba tare da ita ba, banki ba zai saki ko halala ɗaya ba.

A nan ake yawan yin ɓarna. Wasu kan ƙi sa sunayen magadan da ke Najeriya, wai don aiki ya yi sauri. Ranar da matar Kano ta tabbatar da aurenta, sai a warware rabon, kowa ya amayar da abin da ya ci, zumunci kuma ya tafi. Ku sa sunan kowa. Ita kuma ta wakilta wanda ta yarda da shi, a tantance wakalar a Ma'aikatar Harkokin Waje ta Najeriya da ofishin jakadancin Saudiyya, a fassara ta da Larabci wajen mai lasisi. Wannan ne ke cin lokaci, ku fara shi tun yau.

Kada ku manta haƙƙin Baba a kamfani, wato kuɗin sallama na ƙarshen aiki: rabin albashin wata a kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kowace shekara bayan nan.

Kafin rabo, dokar iyali ta Saudiyya ta 2022 ta bi tsarin Shari'a: kuɗin jana'iza, sai bashi (har da ragowar sadaki), sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. A ce riyal 96,000 suka rage, kuma iyayen marigayin sun riga shi rasuwa. Matan biyu za su raba tumunin takaba, 12,000, kowacce 6,000. Sauran 84,000 a kasa bakwai: kowane namiji 24,000, kowace mace 12,000. Saudiyya ba ta karɓar harajin gado.

Kason auta ba a miƙa wa kowa sai wanda kotu ta ba takardar waliyyanci, kuma babu mai ikon yafe shi a madadinta.

Idan kanku a haɗe yake, aikin lauya kaɗan ne. Idan an yi sa-in-sa, shi zai shigar da ƙarar raba gado a kotun al'amuran iyali, wadda ke iya tura dukiyar cibiyar gwamnati mai suna Infaz a yi gwanjonta. Ku duba lasisin lauyan a Najiz, kuma ku rubuta ladansa kafin ya taɓa takarda, ƙayyadadden kuɗi ne ko kaso daga gadon.