Shin takardar da ake buga jarida a kanta tana cutar da muhalli?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina sayen jarida kowace safiya, amma kwanan nan ɗana ya ce mini duk kwafin da na saya, da hannuna a sare bishiya, don haka gara in koma karantawa a waya. Shin gaskiya ne buga jarida yana cinye dazuzzuka, kuma karatu a waya ya fi sauƙi ga muhalli?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar ɗanka tana da ƙamshin gaskiya, sai dai yawan bishiyoyin da aka sare ba shi ne babban ma'auni ba. Nauyin da jarida take ɗora wa muhalli ya fi rataya a kan dajin da aka samo itacen, da irin wutar lantarkin da masana'anta ta ƙona wajen sarrafa shi, da kuma inda takardar ta ƙare bayan an gama karantawa.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, da tsummokaran auduga da na lilin ake yin takarda a Turai. A shekarun 1840 ne Friedrich Gottlob Keller a Jamus da Charles Fenerty a Kanada, kowanne a nasa ɓangaren, suka gano yadda za a niƙa itace ya zama markaɗen yin takarda, kuma wannan ne ya sa jarida ta yi arahar da talaka zai iya saya. A cikin itace akwai wani sinadari mai kama da ɗanko, ana kiransa liginin, wanda yake haɗa zaruruwan itacen wuri guda. Masu yin farar takardar ofis suna dafa itacen da sinadarai har ɗankon ya narke, abin da yake saura kuwa bai fi rabin itacen ba. Masu yin takardar jarida niƙa suke yi da inji su bar ɗankon a ciki, shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na itacen yake zama takarda. Wato tan ɗaya na takardar jarida bai kai tan ɗaya na farar takarda cin itace ba. Ɗankon nan ne kuma yake sa jarida ta koma rawaya idan ta kwana biyu a rana.

Abin da aka yi tsiminsa a itace, a wutar lantarki ake biyansa. Injinan da suke murƙushe guntayen itace da zafin tururi sukan sha sama da kilowat-awa 2,000 kafin a samu tan ɗaya na markaɗe. Saboda haka masana'antar da take jan wuta daga madatsar ruwa, kamar yadda ake yi a Nowe da lardin Kwibek na Kanada, hayaƙin da take jawowa kaɗan ne idan aka kwatanta da wadda wutarta ta fito daga ƙona kwal, ko da kuwa takardar da suka fitar iri ɗaya ce a hannun mai karatu. A ganina wannan ne batun da aka fi mantawa da shi a muhawarar.

Game da dazuzzuka, galibin sabon itacen takardar jarida yana fitowa ne daga bishiyoyin ƙasashen sanyi irin su Kanada, Suwidin, Finlan da Rasha, domin zaruruwansu dogaye ne, suna jure gudun injin ɗab'i ba tare da takardar ta yage ba. Kaso mai yawa ma ragowar guntaye ne daga masana'antun yanka katako. Ɓacewar dazuzzuka a ƙasashe masu zafi kuwa, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora mafi yawanta a kan faɗaɗa gonaki da wuraren kiwo. Wannan bai wanke masu takarda ba. Idan aka share tsohon daji mai ɗaruruwan shekaru aka dasa bishiya iri ɗaya a jere, a lissafi daji ya dawo, amma dabbobi da tsuntsayen da suka dogara da tsofaffin bishiyoyi ba sa dawowa da wuri, kuma iskar kabon da take ajiye a ƙasar dajin takan tsere bayan sara. Don a bambanta itacen da aka sare bisa ƙa'ida da wanda aka yi wa wawaso ne aka kafa tsarin shaida na FSC a 1993 da na PEFC a 1999. Masu suka suna cewa binciken nasu yana da giɓi, amma dai ya fi babu.

Ruwa ma ana shansa da yawa, kuma dagwalon da yake fita daga masana'anta yana rage iskar da kifi yake shaƙa a kogi idan ba a tace shi ba. Sai dai takardar jarida ba ta bukatar wankin kulorin, sinadarin faranta takarda, da ya ɓata sunan masana'antun farar takarda a shekarun 1980.

Sake sarrafa tsohuwar jarida shi ne ya fi rage wannan nauyi, domin jiƙa takarda a warware zaruruwanta bai kai niƙa ɗanyen itace cin wuta ba. Ana dama ta da ruwa da sabulu, a hura iska, tawadar ta manne wa kumfa ta taso sama a kwashe. Amma zare yana gajarta a kowane zagaye, bayan sau 5 zuwa 7 ba ya sake riƙe takarda, don haka dole a riƙa ƙara sabon itace. Tawadar ita ma tana da nata labarin. Bayan tsadar man fetur ta shekarun 1970, masu jaridu a Amurka sun nemi madadi, kuma a 1987 jaridar The Gazette ta jihar Ayowa ta fara bugu da tawadar man waken soya. Duk da haka baƙar tawada a wurare da dama har yanzu tana ɗauke da mai na fetur, wanda yake iya ratsawa cikin abinci, shi ya sa hukumar kula da ingancin abinci ta Indiya ta hana naɗe abinci a jarida.

Mafi munin makoma ita ce juji. Takardar da aka binne inda iska ba ta shiga tana ruɓewa a hankali tana fitar da iskar metan, wadda ta ninka iskar kabon kusan sau 28 wajen ɗumama duniya a tsawon shekara 100. Jinkirin ruɓewar ma abin mamaki ne: William Rathje na Jami'ar Arizona, wanda ya shafe shekaru yana tonon jujin Amurka, ya sha zaƙulo jaridu masu shekaru da dama ana iya karanta su. A nan ne kwafin da ba a sayar ba ya fi ba ni takaici, domin an sare masa itace, an ƙona masa wuta, an kai shi a mota an dawo da shi, ba tare da ido ɗaya ya karanta ba.

Ita kuwa waya ba ta fita tsaf. Mafi yawan hayaƙin da take jawowa a rayuwarta yana faruwa ne wajen haƙo ma'adinai da ƙera ta, sannan ga cibiyoyin adana bayanai da suke cin wuta dare da rana. Amma idan kana da wayar tun asali, karanta labari a kanta ƙari ne ɗan kaɗan, kuma a wannan ɗanka ya yi daidai. Tazarar tana raguwa idan mutum uku ko huɗu suna karanta kwafi ɗaya. Idan ka zaɓi ci gaba da takarda, Malam, ka duba ko jaridar tana bayyana kason tsohuwar takardar da take amfani da shi, ka ajiye kwafinka a bushe ba tare da maiƙo ya taɓa shi ba, sannan ka miƙa shi ga masu tara takarda, domin wadda ta jiƙe ko ta sha mai masana'anta ba ta karɓarta.