Tambaya da Amsa: Zan iya ɗaura wa adaidaita sahuna tukunyar gas ɗin girki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni direban adaidaita sahu ne a Kano, da iyali a kaina. Tun da aka cire tallafin mai, abin da na samu a wuni fetur ke cinye mafi yawansa, saura kuma balas ɗin mai mashin. Fasinja da ka ƙara masa naira hamsin sai ya ce gara ya taka da ƙafa. Wani mai walda a unguwarmu ya ce zai haɗa min gas da tukunyar girki mai kilo 12.5 a ƙarƙashin kujera. Ya ce duk gas ɗaya ne, zan iya cikawa wajen masu gas ɗin girki, in na samu CNG ma, wato iskar gas ɗin da ake ɗura wa motoci, in ɗura. Kuɗinsa bai kai rabin abin da cibiyoyin juya mashin zuwa gas ke nema ba. Hankalina bai kwanta ba, amma na rasa mafita.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya buɗa, ya kawo mana sauƙi. Rashin kwanciyar hankalin nan naka shi ne daidai. Kada ka bar mutumin nan ya taɓa maka mashin.

Tunanin komawa gas ba laifi ba ne, lissafi ne mai kyau. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwanaki ta haura 500, a Yuli ta kai 617 a Abuja, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake 1,000 a garuruwan Arewa. Matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, daga baya farashi ya ɗan sassauto, amma ɗanyen mai kasuwar duniya yake bi, naira kuma ta faɗi, don haka kada ka zauna jiran a koma gidan jiya. Fasinjan da ke gardama da kai shi ma ba mugunta yake ba. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. Aljihunsa ba zai ɗauki ƙarin ba, dole kai ka rage abin da injin ke ci.

Amma maganar nan ta "duk gas ɗaya ne", kullum sai na ji ta a gareji, kuma ita ce za ta kashe mutane in ba a tashi tsaye ba. Gas ɗin girki, wato LPG, daban. CNG daban. Sunan "gas" kaɗai suka haɗa.

Na girki ruwa ne a cikin tukunya, shi ya sa in ka girgiza ta kake jin motsinsa, kuma a kilo ake auna shi. Da ɗan matsi kaɗan yake zama ruwa. CNG kuwa ba ya zama ruwa a tukunyar mota, iska ce ake danna ta da ƙarfin inji har a cusa mai yawa a ƙaramin wuri, shi ya sa ake sayar da ita a kubik mita. Ka san gejin mai faci. Tayar mota 30 zuwa 35 ake ba ta. A wannan ma'aunin, tukunyar girki ba ta cika wuce 200 ba ko a zafin watan Afrilu. Famfon CNG kusan 3,000 yake turawa, abin da a takardun aiki ake rubutawa bar 200. Tukunyar girki a masana'anta a wajajen bar 30 ake gwada ta. To ka faɗa min, tukunyar da aka gwada a bar 30 a ɗura mata bar 200, me ake jira? Ba yoyo za ta yi ba balle ka ji wari ka gudu. Tsagewa za ta yi nan take, ƙarfenta ya tarwatse ya yanki duk wanda ke kusa, tun kafin ma a yi maganar wuta.

Ka dubi jikin tukunyar girki, za ka ga layin walda ya zagaye cikinta, domin falle-fallen ƙarfe ne aka lanƙwasa aka haɗe. Tukunyar CNG ta ƙarfe ba ta da ɗinki ko ɗaya. Daga dunƙulen ƙarfe guda ake fitar da ita, bangonta mai kauri, nauyinta kaɗai zai gaya maka. A kanta akwai bawul mai fitar da iskar da kansa idan wuta ta kama, don kada tukunyar ta fashe. Babu mai waldar da zai iya ƙera wannan a bakin titi, komai ƙwarewarsa a ƙofa da taga. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da CNG a birnin Benin ana tsaka da ɗura mata, mutane suka jikkata, bincike ya nuna tukunyar haɗin mai walda ce. Hoton ya zagaya WhatsApp, sai jama'a suka koma cewa CNG bam ne. Wannan ma kuskure ne. Pakistan, Indiya, Iran da Masar sun shafe shekaru suna tuƙa motoci da masu ƙafa uku da shi. Abin da ya fashe a Benin aikin ɗan baranda ne.

Na san abin da zai ce maka in ka kai masa wannan magana: to bar CNG ɗin, ka tsaya a na girki kawai. Nan ma a'a. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba ya tashi sama kamar CNG, kwanciya yake a ƙasa, daidai inda ƙafafun fasinja suke, kusa da batir da salansa. Regiletar girki da tiyon roba an yi su ne don kicin, inda ba girgiza ba rami. Ka bi da su titin da ya farfashe na 'yan makonni ka ga yadda bakin tiyon zai saki. Kuma saboda wuri ya yi kaɗan, kwantar da tukunyar suke yi, alhali an yi ta ne ta tsaya a tsaye. In ta kwanta ruwan gas ne ke shiga regileta maimakon tururinsa. Akwai motocin da ke aiki da LPG bisa ƙa'ida, amma da tankinsu na musamman mai tsayar da ɗuri in ya kai kashi 80, ba tukunyar uwargida ba. Ribar ma ba ta taka kara ta karya ba, tunda kilon gas ɗin girki shi ma ya haura naira 1,000 a 2024. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Akwai wasu 'yan damfarar da suka fi wannan wayo: tsohuwar tukunyar iskar walda, ko ta CNG da wa'adinta ya ƙare a wata ƙasa, a goge a fesa mata fenti a ce sabuwa ce. Don haka ko a cibiya ce, ka duƙa ka karanta abin da aka buga a wuyanta ko takardar jikinta: CNG, matsin aiki bar 200, shekarar ƙira, shekarar daina aiki, da lambar inganci irin ISO 11439 ko R110. In an kankare rubutun, ka tafi. In ka ga an ɗora mata walda don a kafa ta a jikin mashin, ta mutu, zafin walda ya lalata ƙarfen. Da ɗamarar ƙarfe mai shimfiɗar roba ake ɗaure ta. Gwajin yoyo kuma da ruwan sabulu ake yi, ba da ashana ba. Abin takaici ne a ce sai an faɗi wannan, amma ana yi.

Gwamnati ma ba ta fita daga laifi ba. Tun 2023 aka kafa shirin shugaban ƙasa na CNG, aka yi alkawarin juya wa masu haya ababen hawansu kyauta ta hannun ƙungiyoyin direbobi. Direbobi suka yi ta rubuta suna suna jira. Bututun da zai kawo gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa, aka yi ta ɗaga wa'adin gamawa. In ka bar talaka da fetur mai tsada, cibiya mai nisa da layi mai tsawo, kai ka tura shi wajen mai walda. Hukumar SON da ke kula da ingancin kaya ya kamata a ga jami'anta a kasuwannin kayan gyara, ba sai bayan an kwashi gawa ba.

Abin da za ka yi: ka fara zuwa ofishin ƙungiyarku ka tambayi cibiyoyin da aka amince da su. Mashin ɗin ba naka ba ne, sai da yardar mai shi, kuma ya kamata ya sa hannu a kuɗin tunda darajar kayansa za ta ƙaru. Kafin ka biya ko sisi, ka je gidan CNG mafi kusa da hanyarka ka ga layinsa da idonka, ka tambayi direbobin da ke ciki sau nawa ake yankewa. Kubik mita ɗaya na yin aikin kusan litar fetur ɗaya, kuma a 2024 wajajen naira 230 ake sayar da shi, ko da ya ƙaru daga baya har yanzu yana ƙasa da fetur sosai. Amma in rabin wuninka zai tafi a layi, ribar ta zube. In sabon mashin za a saya, Bajaj da TVS duk suna ƙera masu CNG tun daga kamfani, sun fi na juyi kwanciyar hankali. Bayan an juya za ka ji ƙarfi ya ɗan ragu a hawa, kuma sai ka riƙa kai shi saitin bawul da duba fulogi a kan kari.

Kafin nan, ka rage shan fetur ta hanyar da ba ta da haɗari: iskar taya daidai, wanke matatar iska musamman lokacin ƙurar hunturu, sabon fulogi, kashe inji in kana jiran fasinja, da barin lodin da ya wuce ƙima. Kada ka yarda a shaƙe maka kabreta fiye da kima, bawul zai ƙone. Ƙwayar kafur a tanki da surka fetur da kananzir duk tatsuniya ce, inji suke kashewa.

Malam, tsadar man nan ta riga ta ci rayukan da suka isa. A Majiya ta Jihar Jigawa, Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka ƙone wajen kwasar fetur daga tankar da ta faɗi, yawancinsu talauci ne ya kai su. Kai kuma ba kai kaɗai ke cikin mashin ɗin nan ba. Mata masu goyo kake ɗauka, da yara 'yan Islamiyya, suna zaune a kan abin da ba su san an ɗaura ba, ba kuma wanda ya nemi yardarsu. Amana ce za a tambaye ka a kanta. Shi ma mai waldar ka je ka faɗa masa ya ji tsoron Allah ya daina, in ya ƙi ka sanar da shugabannin tasharku, domin in kai ka tsallake, gobe wani direban zai kawo masa nasa.