Za ki ɗauko kare, ga tsofaffin maguna a gida: amsoshin wasiƙunku

Wata baiwar Allah ta rubuto cewa tana da maguna biyu, ɗaya shekararta 12, ɗaya muzuru mai shekara 14. Tana son ɗauko kare daga gidan da ake kula da dabbobin da aka yasar, amma tunanin kada ta zalunci tsofaffin nan ya hana ta barci.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Wadda ta damu haka tun kare bai shigo ba, da wuya ta cutar da su. Abu na farko, ki tambayi masu gidan ko karen ya taɓa zama da kyanwa, in sun ce ba su sani ba ki nemi wani. Kada ƙuruciyar kwikwiyo ta ruɗe ki. Wasan da yake yi ba ji ba gani azaba ne ga magen da gaɓoɓinta suka fara ciwo. Babban kare mai sanyin hali ya fi miki. Ki lura da idonsa: in ya hango kyanwa ya ƙame, ya kafa mata ido, kika kira shi bai waiwayo ba, wannan mafarauci ne, ki haƙura da shi.

In ya iso, ki ba shi ɗakinsa daban, magunan su ci gaba da mulkin gidansu. Ki shafa tsumma a jikinsa ki ajiye musu, ki kai masa nasu, su san warin juna kafin su ga juna. Ranar haɗuwa yana ɗaure da igiya, na ɗan lokaci kaɗan, ƙofa a buɗe ga magunan. Ki tanadar musu wurin hawa da kare ba zai kai ba, amma mai matakala, don tsalle ya yi wa mai shekara 14 wuya. Wurin bahayarsu ma ya zama inda kare ba ya shiga. Abin zai ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Alamu biyu kuwa ba a jira da su: magen da ta ƙi cin abinci kwana biyu, don hantarta na iya lalacewa, da muzurun da ke yunƙurin fitsari ba ya fita. Wannan na biyun toshewa ce, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.

Wani malam kuma cewa ya yi zai kulle su a ɗaki ɗaya su sasanta kansu, wai ai dabba ta san dabba. Malam, da me za su sasanta? Da haƙori da farce? Ko dai kare ya rasa ido, ko kyanwa ta rasa rai. Koma ka karanta amsar da ke sama.

Mai tambaya ko za a iya ba su abinci iri ɗaya don sauƙin kashe kuɗi: a'a. Kyanwa na buƙatar wani sinadari da ake kira taurin (taurine), wanda abincin kare ba ya ɗauke da shi yadda zai ishe ta, rashinsa kuma na jawo makanta da ciwon zuciya.

Yanzu ga wasiƙar da ta ɓata mini rai. Wani ya ga maganin ƙuma da kaska mai arha a intanet, kwalba ɗaya, yana tambaya ko zai ɗiga wa kare da magunan gaba ɗaya. Kada ka kuskura. Da yawa daga magungunan da ake ɗiga wa kare a wuya suna da sinadarin famethirin, wanda jikin kare ke jurewa amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi. Cikin 'yan sa'o'i za ka ga tana zubar da yawu, jiki na karkarwa, sai farfaɗiya. Ba ma sai ka ɗiga mata ba, ta kwanta jikin karen da aka sa wa ko ta lashe shi ya isa. In hakan ta faru, a wanke ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke kwanoni, a ruga asibitin dabbobi. Haka farasitamol da mutane ke jefa wa dabba don tausayi: ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa.

To wannan ma in maganin na gaskiya ne ke nan. Kwalbar da ba ta da lambar rukuni, ba ranar lalacewa, rubutunta ya shafe, wa ya san abin da aka ɗura a ciki? Araha ba ta ado. Abin da ke ba ni mamaki, mutum zai sayi gado mai laushi da sarƙa mai ƙyalli, amma in aka zo kan magani sai ya nemi na bagas. Takardar riga-kafi ma ana yin ta jabu. Ka duba kwanan wata, sa hannun likita, da tambarin kwalbar allurar da ake mannawa. Allurar da ba a ajiye a sanyin digiri 2 zuwa 8 ba, ƙarfinta na iya tafiya ko da ta gaske ce. Ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne: ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare. In takardar ta ba ka shakka, likita ya sake yin allurar, kuma a duba ta magunan, don su ma suna kamuwa.

Ga wadda ta tambayi ko ta sayi turaren da ake cewa yana kwantar wa kyanwa hankali: in kuɗin ya rage bayan likita ya duba karen, ya ba shi maganin tsutsar ciki, ki gwada. In bai rage ba, ƙofar da ke rufuwa da kyau ta fi shi aiki.