Kwana a tanti a bakin teku: amsa ga mai shirin tafiya daga Sakkwato

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ku huɗu ne, kuna so ku tashi daga Sakkwato ranar Juma'a, ku kwana biyu a tanti a bakin teku, Litinin kowa ya koma bakin aikinsa, kuma kana neman sanin inda ya dace da abin da za ku riƙa. Na yi irin wannan kwana sau uku, biyu a Badagry, ɗaya a Tarkwa Bay, duka a jihar Legas. Ku je, abu ne da ya kamata mutumin Arewa ya gani da idonsa ko sau ɗaya ne. Amma lissafinku na kwanaki bai fita ba.

Daga nan zuwa Legas ya haura kilomita 1,000. Ka bi Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, ka haye gadar Jebba, sannan Ilorin, Ogbomosho, Oyo, Ibadan. Mu mun tashi bayan asuba, ba mu ga Legas ba sai washegari da hantsi, don mun ƙi tafiyar dare mun kwana a Ilorin, kuma ina roƙonku ku ma kada ku yi ta. Sabuwar hanyar Illela zuwa Badagry da aka ƙaddamar da aikinta a 2024 kada ku sa ta cikin lissafi tukuna. In mota ce ku ware kwana shida. In lallai sai ƙarshen mako, to sai jirgin sama.

Ni Badagry nake ba ku shawara. Tarkwa Bay ruwanta ya fi kwanciya saboda katangar duwatsu da ta tare shi, sai dai ba a isa can sai da jirgin ruwa, ga cinkoson 'yan shaƙatawa da kiɗa ranar Asabar da Lahadi. Badagry kuwa daga Mile 2 za ku hau mota, wuri ne mai sarari, itatuwan kwakwa jere iya ganinka. Kowa ya sa katin shaidarsa na ɗan ƙasa a aljihu, don iyakar Seme na kusa, shingayen bincike suna da yawa. Lokaci kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Yuni da Yuli ruwan sama ba ya barin mutum ya kafa ko tsinke.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuta wannan dogon bayani. Mu da muka tashi muna wanka a gulbin Rima, muna zuwa Kware da Goronyo, gani muke mun san ruwa. Na rantse maka teku wani abu ne daban. Gulbi cikarsa ta damina ce. Teku kuwa kullum yana cika sau biyu, yana janyewa sau biyu, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Wata ne ke jansa da ikon Allah, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Mu da muke bin lissafin wata, wannan ba zai ba mu wuya ba.

Zuwanmu na farko mun isa da la'asar, ruwa ya ja baya. Muka ga rairayi shimfiɗe, sumul, mai tauri kamar daɓen ɗaki, muka ce nan ne wurin kwana. Ba mu san wannan taurin shi ne alamar ruwa yana hawa wurin ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare na ji sanyi ta ƙasan tabarma, kafin in laluba tocila igiyar ruwa ta biyu ta shigo har cikin tanti. Ta tafi da buta da takalman mutum biyu, ta jiƙa garinmu da wayar abokina, wadda ba ta ƙara kunnuwa ba. Cikin duhu muka ciccibi tantin muka yi tudu da shi, zuciyata na bugawa har asuba. Da gari ya waye wani dattijo masunci, daga cikin Egun mutanen garin, ya kama hannuna ya nuna mini wani layi na ɓawon kwakwa da robobi da ciyawar ruwa da ya miƙe a kan rairayin. Ya ce nan ne iyakar ruwan jiya. Tun daga ranar, duk inda na je wannan layin nake fara nema, in wuce shi da taku talatin ko fiye, har inda ciyawa ta fara tsira, sannan in sauke kaya. Ku ɗaga kai kuma kafin ku kafa: kada ya zama a gindin kwakwa mai 'ya'ya, don kowane lokaci suna iya faɗowa, kuma ɗaya ta isa ta illata mutum.

Sai maganar wanka. Akwai wuraren da za ka ga igiyar ruwa ba ta fashewa, ruwan ya yi duhu ya kwanta tsakanin farin kumfa hagu da dama. Ido zai ce maka nan ne lafiya, alhali nan ne mashigar da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi. Ya kan ja mutum ko gwani ne. In ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye, gajiya za ka yi. Ka bi gefe, daidai da tsawon gaɓar, har ka fita daga jan, kana ɗaga hannu a gan ka. Ni dai ƙa'idata ruwa kada ya wuce gwiwa, ba a juya wa teku baya, kuma bayan magariba babu mai taɓa shi. In a cikinku akwai mai cika baki da iyo, ku yi wannan alkawarin da shi tun a gida.

Turakun da ke zuwa da tanti ba sa riƙe rairayi. Ku tafi da buhunan shinkafa huɗu marasa komai, ku cika su da yashi, ku ɗaura igiyoyin, ku binne. Gidan sauro dole ne. Zafin can ba irin namu ba ne mai busar da fata, gumi ne mai danƙo, rigar da ka shanya da yamma za ka same ta jiƙe da raɓa da safe. Waya da ashana a leda mai ɗaurewa. Guzuri kuwa kun fi ni sani: kilishi, ƙuli-ƙuli, gari, dabino, kayan shayi, ɗan kurfoti da gawayi. Fura ba ta kwana. Ruwan sha ku sayi mai yawa a gari.

Alwala ba matsala. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa: ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Sai dai ku ɗebo a bokiti ku yi a tudu. Alƙibla gabas ce da karkata zuwa arewa, teku yana kudu, don haka zai kasance a damanka. Kuma ku matafiya ne, kuna da ƙasaru.

Kada ku kwana a inda babu kowa don gudun biyan kuɗi. Mun taɓa yi, wasu samari suka zo da dare suna neman kuɗin ƙasa, sai da muka ba su abin da ya ninka na ƙofa. Ku nemi wurin da ke da maigadi, ku gaida masu wurin, ku yi ciniki tun da rana.

Ranar Asabar ku hau kwale-kwale daga Marina ta Badagry ku tsallaka zuwa tsibirin Gberefu, ku sa rigar kariya ko da matuƙi ya ce ba komai. Daga nan ake taka hanyar da aka bi da bayi zuwa bakin teku, inda ake loda su a jiragen Turawa. Na yi tafiyar nan ban iya cewa uffan ba. A gari kuma akwai benen 1845 da ake kira na farko a Najeriya. Wani abin da zai ba ku mamaki, daga Badagry ɗin nan Bature Clapperton ya taso a 1825 ya nufo Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a Sakkwaton ya mutu a 1827.

Lahadi bayan kun yi asuba kada ku koma barci. Masunta za su fito jan taru, mutum ashirin ko fiye a kan igiya ɗaya, suna waƙa suna ja da baya. Ku yi musu sallama ku kama igiyar tare da su. Mu da muka yi haka, da tarun ya fito suka ware mana kifi shida, muka gasa a kurfoti da yajin ƙulin da muka taho da shi daga gida.

In kun tsayar da rana ka faɗa mini, in duba muku ko ta faɗo a tsakiyar wata. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.