Amsa ga 'yar'uwar da aka ba aikin agajin yara a arewacin Ontariyo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, cewa an ba ki aikin agajin gaggawa na lafiyar ƙwaƙwalwa da yara da matasa 'yan asalin Kanada, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar, kina neman shawara ko ki karɓa, kuma me za ki tarar. Na bari sai da na sauka daga aiki na samu natsuwa. Shekarata ta shida ke nan a wannan aiki. A Thunder Bay nake zaune, ana tura mu garuruwan arewa waɗanda mota ba ta zuwa sai jirgi, in ban da 'yan makonnin hunturu da ake buɗe hanya a kan ƙanƙara.

Ki karɓa. Sai dai ki shiga da sanin cewa yaron da zai zauna gabanki, sau da yawa tsoronki yake ji, kuma yana da dalili. Yara kusan 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar, aka hana su yarensu, da yawa ba su dawo ba. Sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Ke nan kakar yarinyar da kike magana da ita, wataƙila ita ma ta yi zaman can. Kuma rabon bai tsaya ba: ƙidayar 2021 ta nuna 'yan asalin ƙasar ba su kai kashi 8 cikin ɗari na yaran Kanada ba, amma sun haura rabin yaran da ke hannun riƙo. Duk baƙuwar da ta sauka daga jirgi da jaka da takardu, a idon yaro mai ɗaukar yara ce, ko da kuwa baƙar fata ce mai hijabi.

A tafiyata ta biyu na koyi wannan. Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka kira ni ɗakin shan magani, wata yarinya 'yar shekara 14 ta faɗa wa ƙawarta tana son kashe kanta. Na same ta ta ja hular rigar sanyi ta rufe fuska, tana ta murɗa igiyar hular a yatsa. Ni kuwa na kama surutu, tambaya kan tambaya, ina cike fom. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Da na gaji na yi shiru. Mun fi rabin awa a haka, ba ka jin komai sai ƙarar injin ɗumama ɗaki. Maganarta ta farko ita ce: "Za ki kira su?" Hukumar kula da yara take nufi. Don in kwantar mata da hankali na ce babu wanda zai ji. Washegari dole ta sa na sanar, domin a Ontariyo doka ta wajabta kai rahoto in ana zargin yaro ƙasa da shekara 16 yana cikin haɗari. Ba a ɗauke ta ba, kakarta ce ta riƙe ta, amma yarinyar nan ba ta ƙara yi min magana ba har na bar garin. Har yau abin yana ci na.

Tun daga ranar, kafin yaro ya buɗe baki nake faɗa masa abin da zan iya riƙewa da wanda ba zan iya ba, da wanda zan kira in ta kama, kuma a gabansa zan kira. Za ki ɗauka hakan zai sa su rufe baki. Wasu sukan rufe, na ranar. Amma sukan dawo.

Shirun ma kada ya tsorata ki. Mu da muka tashi da kunya da kawaici mun fi kowa dacewa mu gane shi. Yaro ya sunkuyar da kai bai kalle ki ba, a wurin da yawansu ladabi ne, kamar dai a gida. Na sha ganin an rubuta "ba ya ba da haɗin kai" a fayil ɗin yaron da bai yi laifin komai ba. Inda tarbiyyarmu ke kayar da mu shi ne wa'azi. Bakinmu ya saba da "yi haƙuri" da "ka ji tsoron Allah". Ki haɗiye. Mutanen da aka yi wa ɓarna da sunan addini ba sa bukatar wata baƙuwa ta zo da nata. Ki tambaya kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, kuma za a koya miki yadda ake yin ta a horon ASIST na kwana biyu kan taimakon mai tunanin kashe kansa, in ba su sa ki ba, ki nema. Sannan ki zauna da mutanen gida a kulle magunguna da bindigogin farauta, don kusan kowane gida akwai mafarauci.

Kada labarai su sa ki zaci duk garuruwan ɗaya ne. Kowa ya ji na garin Attawapiskat da ke arewacin Ontariyo a Afrilun 2016, da mutum 11 suka yi yunƙurin kashe kansu a dare ɗaya har aka ayyana dokar ta-ɓaci. Amma binciken Chandler da Lalonde na 1998 a British Columbia ya gano cewa al'ummomin da ke riƙe da makarantunsu da lafiyarsu da al'adunsu a hannunsu, kashe kai na matasa ya yi ƙasa sosai a cikinsu. Ni ma da idona na gani: yaron da ya ƙi ce min uffan a ofis, wani dattijo ya fita da shi kamun kifi, ya dawo yana dariya. Don haka ranar da kika sauka, ki fara gaida dattawa da ma'aikatan garin. Ke kwana biyar za ki yi ki hau jirgi, su ne za su kwana da yaron. In za su yi hayaƙin ganyayensu na tsarkakewa kuma ba kya son shiga, ki faɗa da ladabi ki tsaya gefe, ba wanda ya taɓa tilasta min.

Ki haddace ƙa'idar Jordan, wadda aka sa wa sunan Jordan River Anderson, yaron garin Norway House na lardin Manitoba da ya rasu a asibiti a 2005 yana ɗan shekara 5, gwamnatin tarayya da ta Manitoba suna jayayya kan wa zai biya kuɗin kula da shi a gida. Da ita ake nema wa yara taimako. Layin wayar taimako na Hope for Wellness, na 'yan asalin ƙasar, yana aiki dare da rana, ana iya neman mai jin Cree ko Ojibwe ko Inuktitut, ga kuma 988, lambar da mai tunanin kashe kansa zai kira, tun Nuwamban 2023.

Kafin ki sa hannu, ki tambaye su wa za ki kira in kin dawo da nauyi a zuciya, kuma kwana nawa ake hutawa tsakanin tafiya da tafiya. In suka yi ta kame-kame, ki sake tunani. Ki sayi takalmin sanyi na gaske, ba na kwalliya ba, ki riƙa tafiya da abincinki don kaya can tsada gare su. In kin iso Thunder Bay ki yi min magana ta sirri, akwai garin tuwo da kuka a gidana.